Neman ƙwararren mai tausa ko likitan gashin ƙashi na doki a Bauchi da Gombe

Mai Akawal, Jahun, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar dawaki. Ina da ingarma akawal, wato baƙin doki, mai shekara 8, wanda na saya a kasuwar Maigatari tun yana dukushi, kuma da shi nake hawa a tawagar hakiminmu kowace Sallah. Tun bayan hawan Daushe na Babbar Sallar da ta wuce, dokin nan bai koma yadda na san shi ba. Idan aka ɗauko sirdi sai ya kwantar da kunnuwa yana kaɗa wutsiya, idan aka ɗora masa sai ya lanƙwasa baya, idan kuma aka zo jan majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, sai ya nemi cizo, alhali da can ko ƙaramin yaro yana iya ɗaura masa sirdi. A tafiya ba a cika ganin ɗingishi ba, amma da zarar ya fara sassarfa sai a ga takun ƙafarsa ta baya ta hagu ya gajarta, kuma yana jan bakin kofaton a ƙasa. Cinsa da shansa ba su ragu ba.

Yaron da ke kula da shi ya kawo wani mutum wanda ya shafa masa man zafi, ya murza bayan da ƙarfi, ya kuma yi masa wata allura da bai faɗi sunanta ba. Dokin ya warware na ɗan lokaci, daga baya abin ya dawo. Wani dattijo ya duba shi ya ce jijiya ce ta harɗe, kuma ba za ta saki ba sai an yi masa lalas a kuturi. Akwai kuma wani matashi da ke tallata kansa a Facebook, yana nuna takardar shaida da ya ce daga ƙasar waje ya samo ta, yana yawo da na'urar tausa mai aiki da batir, kuma ya ba ni tabbacin cewa a zama biyu zai miƙar da dokin.

Tambayata ita ce, ta yaya mutum zai gane wanda ya san aikin jikin doki da gaske, kuma a ina ake samunsa a Bauchi ko Gombe ko kusa da su? Wace takarda ya kamata in nema a hannunsa, kuma wa zan tambaya ya tabbatar mini da ita? Akwai hawan angwancin ƙanena a watan gobe, ina son in hau dokina, amma ba na son in miƙa shi ga wanda zai ƙara masa ciwo. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Likitan Dabbobi, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam Mai Akawal. Allah ya ba dokin lafiya. Shawarata ta farko ita ce ka dakatar da duk mutanen nan uku, ba don na san su ba, sai don har yanzu babu wanda ya gano abin da ke damun dokin, kuma tausa ko gashi ba sa zuwa kafin a gano ciwo. Alamomin da ka lissafa sun fi ƙarfin a ce ciwon baya ne kawai. Doki yakan ji ciwo a ƙafar baya, musamman a gaɓar tsakiyar ƙafa inda agara ke ɗaure, ko a gaɓar da ke sama da ita, ko a inda ƙashin ƙugu ya haɗu da ƙashin baya, sai ya riƙa ɗaure tsokar bayansa don ya rage wa ƙafar nauyi. Bayan wani lokaci bayan ya yi tsami, mai doki ya ga ciwo a baya, alhali tushen yana ƙasa. Mai tausa zai sassauta tsokar, dokin ya ji daɗi na 'yan kwanaki, ciwon ya dawo, domin ƙafar tana nan yadda take. Ƙin majayi kuma yana iya zuwa daga sirdi, yana iya zuwa daga gyambon ciki, wanda ya yawaita a dawakin da ake cika wa dawa da dusa ana rage musu ciyawa da harawa.

Ga yadda binciken da ya dace yake kasancewa, don ka gane idan an yi maka shi. Likita zai fara da tambayoyi game da abincin dokin, da aikinsa, da magungunan da aka ba shi. Zai auna zafin jikinsa, wanda a doki mai lafiya yake tsakanin digiri 37.5 da 38.5, da bugun zuciya, wanda a hutu yake tsakanin 28 da 44 a minti ɗaya. Zai sa a ja dokin da ragama a ƙasa mai tauri, a tafiya da kuma sassarfa, yana kallonsa ta gaba da ta baya da ta gefe, sannan a kewaya da shi hagu da dama. Zai matsa kowane kofato da wani ƙarfe mai kama da awartaki don neman inda ke zafi, zai lanƙwasa ƙafa ya riƙe ta kamar minti ɗaya sannan a saki dokin da sassarfa a ga ko ɗingishin ya ƙaru. Muna auna ɗingishi da mataki daga 0 zuwa 5, kuma rubuta matakin yana da amfani domin da shi za a gane ko ana samun sauƙi. Idan wurin bai bayyana ba, akan yi allurar kashe zafi wuri bayan wuri, daga kofato zuwa sama, har a kai inda ɗingishin ya ɓace. Daga nan ne ake maganar hoton ƙashi ko sikanin na jijiya, kuma wannan ya fi samuwa a asibitocin koyarwa na jami'o'in da ke horar da likitocin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Maiduguri.

Akwai cututtukan da murza jiki ke ƙara musu illa, kuma duk wanda bai san su ba bai kamata ya taɓa doki ba. Na farko shi ne ɗaurewar tsoka da ke kama dokin da ya daɗe a turke yana cin hatsi, sannan aka fito da shi aka yi doguwar sukuwa: tsokar kuturi ta yi tauri, gumi ya keto, ya kasa ɗaga ƙafa, fitsarinsa ya yi duhu. Irin wannan doki ruwa yake bukata da hutu da likita, domin ƙodarsa na cikin haɗari, kuma murza shi ko tilasta masa tafiya ɓarna ce. Haka nan tetanus, wadda ke sandarar da doki bayan rauni ko ƙusa ta soke kofato, ana iya ɗaukarta a farko kamar tsamin jiki ne. Akwai kumburin cikin kofato da yawan hatsi ke jawowa, inda doki ke miƙe ƙafafun gaba yana jingina nauyinsa baya. Akwai kuma cutar nan mai fito da ƙuraje a jere a ƙafa ko wuya ko ƙirji, suna fashewa da mugunya, wadda hannun mai tausa da tsummansa za su iya ɗauka daga barga zuwa barga. Jijiyar da ta yi zafi ta kumbura kuwa, ruwan sanyi take so na minti 15 zuwa 20, ba man zafi ba.

Allurar da aka yi ba tare da an faɗi sunanta ba ita ta fi damuna. Abin da aka fi yi a irin wannan hali shi ne fenilbutazon ko deksametazon. Na farkon yana ɓoye ciwo sosai, har a hau doki a kan raunin da bai warke ba, kuma yawansa na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, musamman ga dokin da bai sha ruwa isasshe ba. Na biyun kuma ana danganta shi da kumburin cikin kofato idan aka yi amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Mai tausa ba shi da hurumin yin allura, kuma duk wanda ya yi wa dokinka allura ya ƙi nuna maka kwalbar, kada ka sake buɗe masa ƙofar barga. Lalas kuma ban yarda da shi ba ko kaɗan: ƙuna ce da ke barin tabo, tana buɗe wa tetanus hanya, kuma sauƙin da ake gani bayanta daga hutun dole ne da dokin ya samu.

Game da takarda, wadda za ka iya tabbatarwa cikin sauƙi ita ce ta likita. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, wato VCN, ita ke yi wa likitocin dabbobi rajista, kowane likita yana da lambarsa, kuma babu laifi ka tambaye shi ita. Karatun likitan dabbobi shekara 6 ne a jami'a. Malaman dabbobi masu difloma, irin waɗanda kwalejin lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yayewa, suna da amfani ƙwarai wajen allurar rigakafi da wanke rauni da bibiyar magani, amma gano musabbabin ɗingishi aikin likita ne. Ka kuma sani cewa ba kowane likita ne ya saba da doki ba, da yawanmu aikinmu ya fi karkata ga shanu da kaji, saboda haka ka tambayi reshen ƙungiyar likitocin dabbobi ta NVMA na jiharka wane ne ke duba dawaki a kai a kai. Masu wasan ƙwallon doki a Jos da Kaduna da Kano, da kuma rundunar 'yan sandan doki, su ma sun san irin waɗannan likitoci. Mai tausa na kirki shi ne wanda zai fara tambayarka abin da likita ya ce, kuma ya yarda ya yi aiki a kan abin da likitan ya rubuta.

Tsohon Zagi, Azare

Ɗana Mai Akawal, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya kafin a ɗora wa dabba wuta. Likita ya yi magana mai kyau, kuma ba na jayayya da shi a kan allura da lalas, domin ko a bargar da na yi aiki ba mu bari a ƙona doki. Amma ina so in ƙara abin da asibiti ba ya gani, saboda asibiti doki ake kai masa, ba a kai masa sirdi da turke.

Kafin ka nemi kowa, ka kife sirdinka ka duba cikinsa. Sirdinmu na gargajiya itace ne a ciki, kuma idan ya tsufa yakan karkace ko ya tsage ba tare da an lura ba, zubka kuma, wato matashin da ke ƙarƙashin sirdi, takan mutu a wuri ɗaya ta dunƙule a wani. Dokin da ka saya yana dukushi ba shi ne dokin yau ba, bayansa ya buɗe ya cika, kuma sirdin da ya zauna masa daidai a da yana iya matse shi yanzu. Idan aka sauke sirdi bayan kilisa, a duba gumin da ke bayan: idan ko'ina ya jiƙe sai wani ɗan wuri ya bushe, nan ne sirdi ke dannawa har gumi ya kasa fita. Idan farin gashi ya fara tsirowa a bayan akawal inda da babu shi, tsohon matsi ne. Ka sa yatsunka tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa bayan mutum ya hau, ya kamata su shiga ba tare da matsi ba, kuma ƙarshen sirdi kada ya wuce haƙarƙarin ƙarshe, domin daga nan baya babu haƙarƙarin da zai tallafi nauyi. A ranar hawa kuma muna ƙara jalala da kayan ado da mahayi mai manyan riguna, dokin ya yini a tsaye cikin rana, sannan a ce ya yi sukuwa ya tsaya cak a gaban fada. Bayan da ya ɗauki wannan ba tare da shiri ba dole ya yi tsami. Ka sa a duba bakinsa ma, domin haƙori mai kaifi da linzami mai tsanani suna sa doki ɗaga kai sama, idan kai ya tashi kuwa baya yana lotsawa.

Abin da ya fi kashe mana dawaki a yanzu shi ne zaman turke. Doki ya shekara a ɗaure da dabaibayi, ana zuba masa dawa don ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sai Sallah ta rage mako ɗaya a fara fita da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A da, kilisa kullum ce, safe ko yamma, kuma bayan an dawo yaran barga sukan wanke doki, su goge shi da hannu daga wuya zuwa kuturi, su gasa masa baya da tsumma da ruwan ɗumi idan ya gaji. Wannan ita ce tausarmu, kuma tana da amfani ga tsokar da ta gaji, ba na son a raina ta. Har yanzu akwai masu wannan hannu a bargogin sarakuna da hakimai a Bauchi da Katagum da Misau da Gombe, ba su da takarda, amma sun san doki.

Yadda ake gane su kuwa ba shi da wuya ga mai lura. Ka tsaya ka ga yadda mutum zai shiga wurin dokin. Wanda ya sani ba ya gaggawa, yakan tsaya ta gefen kafaɗa, ya bar doki ya sansana shi, ya fara shafa inda babu ciwo kafin ya matsa inda yake. Wanda ya ce a kayar masa da doki, ko a murɗe masa leɓe, ko a ɗaure ƙafafu huɗu kafin ya yi tausa, to aikinsa zafi ne da shi, kuma dokin ya riga ya faɗa maka. Idan hannu ya yi daidai za ka ga dokin ya sauke kai, leɓen ƙasa ya saki, yana lasar baki ko hamma. Sannan ka tambaye shi dawakin da ya yi wa aiki, ka je da ƙafarka ka gan su, ka tambayi masu su bayan ya tafi. Ka tambaye shi kuma ko ya taɓa ƙin taɓa wani doki ya ce a kai wa likita. Wanda ya ce bai taɓa ganin ciwon da ya gagare shi ba, ni ba na ba shi ragama. Haka wanda ya yanka maka ranar warkewa tun bai ga dokin yana tafiya ba.

Maman Hanifa, likitar gashin ƙashi, Bauchi

Assalamu alaikum. Baba Tsohon Zagi, Allah ya ƙara girma, maganarku a kan sirdi da kilisa ita ce rabin maganin. Ni mutane nake dubawa a sashen gashin ƙashi, amma gidanmu gidan dawaki ne, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a kan takardar da Malam Mai Akawal ya tambaya.

Mu likitocin gashin ƙashi, hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da majinyata ta Nijeriya, wato MRTB, da aka kafa a 1988 ce ke ba mu lasisi, bayan karatun shekara 5 ko fiye a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Wannan lasisi na jikin ɗan Adam ne. Tsarin ƙashi da tsokar doki daban ne, cututtukansa daban ne, saboda haka ko ni ba zan tsara wa doki jinya ba sai da likitan dabbobi a gaba. A Ingila, mambobin ƙungiyar likitocin gashin ƙashi na dabbobi, wato ACPAT, sai sun fara zama likitocin gashin ƙashi na mutane, sannan su ƙara karatun gaba da digiri a kan dabbobi, kuma ba sa jinyar dabba mai ciwo sai da amincewar likitanta. A Afirka ta Kudu majalisar likitocin dabbobi ce ke yi wa likitocin gashin ƙashi na dabbobi rajista. A Amurka, Jami'ar Tennessee tana da kwas na farfaɗo da dawaki wanda masu aikin lafiya ne ke shigarsa. A gefe guda kuma akwai kwasa-kwasan intanet na 'yan kwanaki, waɗanda mutum zai gama su ya buga takarda mai hatimi ba tare da ya taɓa doki ko sau ɗaya a gaban malami ba. Saboda haka kasancewar takarda daga waje ba ya nuna komai. Ka tambayi matashin sunan makarantar, da tsawon karatun, da ko ya yi aikin hannu ƙarƙashin wani, da ko an yi masa jarrabawa, sannan ka nemi makarantar a intanet da kanka ka rubuta musu. Wanda ya yi karatun gaske yana jin daɗin irin wannan tambaya. Na'urar da yake riƙe da ita ba laifi ba ce a kan tsoka mai kauri, amma ba a ɗora ta a kan ƙashin baya, ko gaɓa, ko wurin da ya kumbura.

Abin da mutane ba su cika fahimta ba shi ne, tausa ƙaramin ɓangare ne na aikinmu. Tana sassauta tsoka ta rage zafi, amma abin da ke hana ciwo dawowa shi ne motsa jiki da aka tsara mataki mataki. A doki akan fara da ja da ragama a tafiya, ana ƙara mintuna a hankali. Akan yi amfani da karas ko ɗan abin da yake so a jawo kansa zuwa ƙirji, zuwa tsakanin ƙafafun gaba, zuwa gefen haƙarƙari hagu da dama, kuma bincike ya nuna cewa yin haka a kai a kai na kimanin wata 3 yana ƙara kaurin ƙananan tsokokin da ke riƙe ƙashin baya. Akan jera sanduna a ƙasa ya riƙa tsallakawa a tafiya don ya koyi ɗaga ƙafa, akan sa shi ja da baya 'yan taku, akan hau da shi tudu marar tsanani. Duk wannan yaron barga ne zai riƙa yi kullum, don haka mai aikin da bai koya wa yaronka komai ba, bai bar maka tsari a rubuce ba, yana son ka dogara da zuwansa ne kawai. Ina ba da shawarar a ɗauki bidiyon dokin da waya kowane mako, a wuri ɗaya, ta baya da ta gefe, domin ido yana saba wa ɗingishi har ya daina ganinsa. Idan an yi zama uku ko huɗu babu canji, a koma wa likita, kada a ci gaba da biya. Alkawarin zama biyu kuwa ba na masu sanin aiki ba ne, domin idan jijiya ce ta yage, warkewarta na ɗaukar wata 9 zuwa 12.

Mai Akawal, Jahun, Bauchi

Na gode ƙwarai, Likita, Baba, da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarku na duba, kuma akwai farin gashi kaɗan a gefen hagu bayan kafaɗa, zubkar ma ta dunƙule a daidai wurin. Na ajiye sirdin, na kuma sallami mai lalas cikin mutunci. Likita, shin dole ne in ɗauki dokin zuwa Zariya ko Maiduguri tun yanzu, ko akwai abin da za a fara yi a nan Bauchi? Kuma idan aka gyara sirdin, zan iya hawansa a bikin ƙanena idan tafiya kawai za mu yi ba sukuwa?

Likitan Dabbobi, Gombe

Malam, ba sai ka fara da doguwar tafiya ba. Duk binciken da na bayyana, in ban da hoto, ana iya yinsa a ƙofar gidanka idan akwai fili mai tauri da shimfiɗe. Ka fara da asibitin dabbobi na gwamnatin jiha, ka ce kana son likitan da ya saba da dawaki, ka kuma tura masa bidiyon da Hajiya ta ambata kafin ya zo. Kada a ba dokin wani maganin kashe zafi na aƙalla kwana 3 kafin ranar dubawa, domin magani zai ɓoye abin da ake nema. Ka ajiye sirdin da zubkar da linzamin a kusa ya gan su, ka sa yaron barga ya kasance a wurin domin shi ya fi kowa sanin dokin, kuma idan za a samu kwalbar allurar da aka yi masa, a nemo ta. A duba kofaton ma, domin fiƙe kofato ya kamata a riƙa yi duk mako 6 zuwa 8, kuma kofaton baya da ya yi tsawo shi kaɗai yana iya sa jan ƙafa. Idan likitan da ake so yana Jos ko wani gari, masu dawaki na unguwa ɗaya sukan haɗa kuɗin mota ya zo ya duba dawaki da yawa a rana ɗaya, ya gyara haƙora ya yi rigakafin tetanus gaba ɗaya. Sai idan ya ga ana bukatar hoto ne za a yi maganar tafiya, kuma a lokacin a tashi da asuba, a shimfiɗa yashi ko ƙaiƙayi a motar don kada ya zame, kada a ɗaure kansa sama, a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa.

Farin gashin da ka gani ya tabbatar da cewa sirdin yana da hannu a ciki, amma bai wanke ƙafar hagu ba, domin dokin da ke kare ƙafa ɗaya yakan sa sirdi ya zame gefe guda ya yi ta dannawa a wuri ɗaya. Saboda haka ba zan ce ka hau shi ba. Hawan angwanci ba tafiya ce kawai ba, akwai tsayuwa mai tsawo da kaya a baya, akwai kiɗa da cunkoso da kwalta mai santsi, kuma doki ba ya tsayawa a tafiya idan 'yan uwansa suka zabura. Ka yi aron doki ko haya don wannan rana, akawal ya ci gaba da fita da ragama safe da yamma ba tare da sirdi ba, a rage masa hatsi a ƙara masa ciyawa da harawa tunda ba ya aiki. Idan likitan ya gama dubawa, ka sa ya rubuta maka abin da ya gano da abin da ya yarda a yi da wanda ya hana, kuma wannan takarda ita za ka fara miƙa wa duk mai tausar da ka zaɓa kafin ya shiga barga.